Ranar da Tumbin Dakta Ya Koma Sifiri

Duk wanda ya ga Tela ya fito daga gida yana murmushi a safiyar nan, ya kamata ya gane akwai abin da zai lalace kafin azahar. Tela ba mutumin murmushin safe ba ne. Mutum ne da in 'yarsa ta yi jinkirin dawowa sai ya fara tunanin asibitin da zai fara dubawa, in kuma ta dawo da wuri sai ya tambaye ta wa ya koro ta. Ranar da irin wannan mutum ya tashi hankalinsa kwance, to lallai ya yi wata dabara, kuma dabarar Tela ba ta taɓa ƙarewa lafiya ba.

'Yar tasa ita ce ta fari, kowa a layin yana kiranta Injiniya tun ranar da ta kwance rediyon gidan tana ƙarama, rediyon da har yau bai sake cewa uffan ba. Yanzu tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon kwamfuta. Aikinta na gamawa wata manhaja ce da ta rubuta saboda shagon ubanta: a auna mutum, a buga awon, kwamfuta ta zana yadda za a yanka rigar, firinta ta fito da zanen a takarda. Sai dai makarantar ta kafa sharaɗi. Malamin da zai duba aikin zai zo shagon da kansa, kuma tela na gaske ne zai sarrafa abin, ita Injiniya ta naɗe hannu ta tsaya gefe. In ya yi kyau ta gama. In ya ƙi, ta maimaita shekara, kuma kamfanin da ya yi mata alkawarin aiki ya ba wani kujerar.

Tun da Tela ya ji haka abinci ya daina yi masa daɗi.

Shagon ɗan tsukukku ne. Kekunan ɗinki biyu, teburin yanka da almakashi ya gama yi wa zane, madubi mai tsagewa a kusurwa, da fanka mai kuka kamar ana matse mata wuya. A barandar waje akwai Mai Guga, abokin Tela tun suna samari, siriri kamar tsinken tsintsiya, wanda bai taɓa barin magana ta wuce ta gabansa bai ɗana ba. A kan teburin yankan nan Injiniya ta ture ƙyallaye ta ajiye kwamfutarta, ta zaunar da ubanta don ta koya masa.

"Baba, ka ga duk abin da ka buga a nan, ko da lamba ce, ita kwamfuta rubutu take gani. Kowane harafi da kujerarsa. Ni kuma faffaɗan kujeru na saka, don in za ka rubuta sunan mai kaya, su ƙ da ɗ da ɓ su sami wurin zama da ƙugiyoyinsu."

"To madalla," in ji Tela. "Ba a wulaƙanta kowa ba."

"Sai kuma akwai wani ɗan aike a ciki. Aikinsa ya bi kujerun nan daga hagu, ya tattara lambobin, ya mayar da su lamba ta gaske mai ɗigo, wadda za a iya rabawa a ninka."

"Yaron wa ne? Ya sunansa?"

Ta rubuta masa da alli a kan tebur: wcstod. Tela ya gyara tabarau, ya tattara leɓe, ya gwada faɗa. Abin da ya fito daga bakinsa ya sa Mai Guga ya leƙo daga baranda ya ce, "Sannu, Allah ya ba da lafiya. Mura ce?" Daga ranar ɗan aiken ya zama Malam Atishawa.

Injiniya ta ci gaba da bayani. Ta ce Malam Atishawa yana tafiya yana ɗaukar lambobi, da zarar ya ci karo da abin da ba lamba ba sai ya tsaya cak, ya komo da abin da ya samu a hannu. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci, amma Tela bai ji ta ba, saboda a lokacin hankalinsa yana kan wani tashin hankalin daban. Ta ce masa in awo ya zo da rabi, ya buga ɗigo da biyar.

"Rabi ya zama biyar? Tun yaushe?"

"Haka ake rubutawa, Baba."

"Ke dai ki tabbata. Kar in ɗinka wa mutum wuya ya fito da kafaɗunsa ta ciki."

Da ta tafi makaranta, Tela ya ja Mai Guga ciki ya mai da shi abin gwaji. Ya auna shi a tsaye, ya auna shi a zaune, ya auna shi kafin ya ci abinci da bayan ya ci, bambancin bai kai a faɗa ba. Yana buga lambobin da yatsa ɗaya, harshe a waje, kamar mai zura zare a allura. Da ya zo kan ciki, tausayi ya kama shi, ya buga "28.5 Allah ya ƙara". Sai da ya danna ya tuna an ce lamba kaɗai. Gabansa ya faɗi, ya rufe ido yana jiran hayaƙi.

Ba abin da ya faru. Zane ya fito tsaf, ƙugu daidai da na Mai Guga.

Ya sake gwadawa. "14 wuya kamar na zakara." Ya fito daidai. "23.5 hannu ba nama." Daidai.

"Ka gani?" Tela ya buga cinya. "Yaron nan yana jin magana! Ya san addu'a, ya san wasa, ya ɗauki nasa ya bar mini nawa. Wannan ai ɗan gidan tarbiyya ne."

"Zagin da kake mini ma ya ji," in ji Mai Guga. "Ranar shari'a shi ne shaidata."

Tela bai gaya wa Injiniya ba. Yarinyar tana fama da karatu, me zai sa ya ƙara mata kaya? Ya bar abin a ransa yana jin daɗinsa shi kaɗai, kuma shi ne asalin murmushin safiyar nan.

To Tela yana da wata ƙa'ida da ya gada daga maigidan da ya koya masa ɗinki. Tela na kirki ba ya faɗin awon cikin mutum da ƙarfi a gaban jama'a, rubutawa yake yi shiru. In kuma awon babba ne, ba a rubuta shi tsirara. Sai an sa tubarkalla a gabansa, don kar ido ko baki ya kama bawan Allah ya rame a ce daga shagonka ne. Kuma a gaba ake sa ta. Maigidan nasa yakan ce tubarkallar da ta zo bayan lamba ihu ce bayan hari. Tun Tela yana rubuta awo da alli a jikin bango bai taɓa karya wannan ba. Mai Guga dai bai taɓa buƙatar ta ba, shi ya sa maganar ba ta taso a gwaji ba.

Da hantsi mota ta tsaya a bakin layi. Injiniya ta leƙa, ta hango malamin da zai duba aikin, ta ce, "Ga Dakta nan." Tela ya miƙe ya gyara hula, ya sake zama, ya sake miƙewa.

Tumbin Dakta ne ya fara shigowa, shi kuma ya biyo baya. Sai da ya karkata gefe sannan ƙofar ta yarda da shi. Mutum ne mai fara'a da ƙaramin gemu, riƙe da jakar takardu, yana share gumi. Da ya tsaya tsakiyar shagon sai hasken taga ya ɗauke.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Sannu da hanya. Ya rana? Ya iyali? Ya mota?"

"Lafiya lau, Malam Tela. Kai ne baban Injiniya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. In ta yi daidai tata ce, in ta yi kuskure daga wajena ta gado."

Dakta ya yi dariya, ya ce wa Injiniya ta koma jikin madubi ta tsaya, kar ta taɓa komai. Tela ya juya zai kira Mai Guga a auna shi kamar yadda aka saba, sai Dakta ya ɗaga hannu.

"A'a. Ni za a auna. Dama ina son riga."

Tela ya gyara tabarau. Ya ɗauko tef. Kafaɗa ta tafi lafiya, wuya ya tafi lafiya, hannu da tsawo ma haka, yana bugawa da yatsansa ɗaya, lambobi tsirara kamar yadda aka koya masa. Injiniya ta fara sakin numfashi. Da aka zo ciki, Tela ya buɗe hannuwa ya rungumi Dakta, kuncinsa manne da maɓallin rigarsa, amma hannayen suka ƙi haɗuwa a baya.

"Mai Guga! Zo ka riƙe mini bakin tef."

Mai Guga ya shigo, ya kama bakin tef, ya ce, "To sai na dawo, a gaida mutanen gida," ya zagaya bayan Dakta ya ɓace, can ya ɓullo ta ɗaya gefen yana haki da gangan. Tela ya dubi inda tef ya tsaya. Saura kaɗan tef ɗin ya ƙare. Ya zauna gaban kwamfuta, ya kare fuskarta da kafaɗarsa don sirrin baƙo, ya buga cikin natsuwa: "Tubarkalla 57.5". Ya danna.

Firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta fara turo ta a hankali. Kafaɗu suka fito, faffaɗa, masu kyau. Ƙirji ya fito. Daga nan sai layukan biyu suka fara matsowa kusa da juna, suka yi ta matsowa, har suka haɗu a ɗigo ɗaya a daidai cibiya, sannan suka sake buɗewa zuwa ƙasa. Rigar zanzaro ce sak, babu ko wurin da numfashi zai bi.

A daidai lokacin Maman Injiniya ta shigo da tire, da jug na lemo mai sanyi da kofi. Ta gaida baƙo, ta dubi takardar da ke hannun mijinta.

"Baban Injiniya, wannan rigar wa ce? Yanzu har sauro kake ɗinka wa?"

Mai Guga ya fita da gudu, aka ji shi a baranda yana dukan teburin guga yana shaƙewa.

Dakta ya karɓi takardar. Ya dube ta, ya dubi cikinsa, ya sake duban ta.

"Injiniya."

"Na'am, Yallaɓai."

"Ina cikina ya tafi? Na shigo da shi, akwai shaidu. Ƙofar nan ma shaida ce."

Gumi ya karyo wa Tela har cikin kunne. A ransa ya riga ya ga komai: shekara ta tafi, kujerar kamfani ta tafi, yarinya ta zauna a gida tana kwance masa kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, kunya ce," ya ce da sauri. "Yaron da ke ciki yana da kunya ƙwarai. Ya ga babban mutum, ya ga bai kamata ya tona..."

"Wane yaro?"

"Malam Atishawa."

Dakta ya waiwayi Injiniya. Ita kuwa ta riga ta matso, hannuwanta a baya don kar a ce ta taɓa, tana leƙen fuskar kwamfutar ta saman hular ubanta.

"Baba! Tubarkalla?"

"To me zan rubuta? Kina ganin abin da nake gani?"

"Na ce maka lamba kaɗai!"

"Ai yana ji! Na yi ta yi masa magana, bai taɓa ƙi ba. Tambayi Mai Guga."

"A bayan lamba kake rubutawa ko a gaba?"

Tela ya sosa ƙeya. "A baya. Shi Mai Guga me za a yi wa tubarkalla a jikinsa?"

Injiniya ta dafe goshi. Ta juya ga Dakta. Ta ce ɗan aiken daga hagu yake farawa. In lamba ce a gaba, yakan kwashe ta, ya tsaya a inda magana ta fara, shi ya sa duk addu'o'in Baba na baya ba su yi ɓarna ba. Yau kuwa kujerar farko harafi ya tarar a zaune. Bai ko ɗaga ƙafa ba, ya komo hannu wofi, hannu wofi kuwa a wurinsa sifiri ne.

"Kuma bai gaya miki bai samo komai ba?" in ji Dakta.

"Yana faɗa, Yallaɓai. Yakan bar alama a inda ya tsaya. Da na duba, da na ga bai motsa daga bakin ƙofa ba. Ni ce ban sa a duba ba."

"Ƙarya take yi, ranka ya daɗe!" Tela ya miƙe har kujera ta faɗi. "Wato ba ƙarya ba, yarinyar ba ta ƙarya. Amma laifina ne. Ni na buga. In shekara za a maimaita, ni a maimaita mini. Ina da lokaci, kasuwa ma ba ta tafiya sosai."

Dakta ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya gwada ƙarfinta da hannu, ya fasa, ya zauna a kan teburin yanka. Ya karɓi kofin lemo daga hannun Maman Injiniya.

"Na ɗage dokar taɓawa. Kafin in shanye kofin nan, a dawo mini da cikina."

Injiniya ta faɗa kan kwamfutar, yatsunta na gudu kamar allurar keke. Tela ya tsaya a kanta yana yi mata fifita da kwalin maɓallai, yana kallon kofin Dakta kamar mai kallon jini na zuba. Maman Injiniya kuwa ta san abin yi. Ta dai tsaya kusa da baƙo da jug a hannu, duk kurɓar da ya yi ya ajiye, sai ta cika kofin tana tambayarsa lafiyar yara.

"Na gama," in ji Injiniya. "Yanzu zai tsallake duk wata magana har sai ya tarar da lamba. Baba, sake bugawa."

Tela ya zauna. Ya yi tunani: an riga an yi wa cikin mutumin nan dariya a bainar jama'a, an ambace shi, an zagaya shi, har sauro an kira. In akwai ranar da tubarkalla ɗaya ba za ta isa ba, yau ce. Ya kare fuskar kwamfutar da kafaɗa, ya buga: "Tubarkalla sau 7, 57.5".

Firinta ta yi tari. Kafaɗu suka fito, layuka suka matso, suka matso, amma wannan karon ba su haɗu ba. Sun bar ɗan wuri kamar wuyan kwalba.

Mai Guga, wanda ya dawo bakin ƙofa yana share hawaye, ya leƙa ya ce, "Alhamdu lillahi, Dakta ya fara murmurewa. A ci gaba da ba shi lemo."

"Baba, sau bakwai kuma na mene ne?" Injiniya ta kusa kuka. "Lambar farko da ya tarar ita ya ɗauka!"

"To shi ba ya da hankali ne? Wa ya taɓa ganin ciki inci bakwai?"

"Ba ya da shi, Baba! Tun farko ba ya da shi! Shi ke nan, zan hana rubuta komai sai lamba."

"A shagona?" Tela ya dafe ƙirji. Tsoro bai bar shi ba, amma wannan ta fi ƙarfinsa. "In rubuta awon bawan Allah irin wannan tsirara? Gobe ya kwanta ciwo a ce wa? Ki yi haƙuri, uwata, ki nemi wata hanya. Na roƙe ki."

Dakta ya kurɓi lemo, ya dubi kofin da ya ƙi raguwa, ya dubi Maman Injiniya. "Hajiya, cikin da ake nema kike ƙara wa girma."

"Zafi ake yi, Yallaɓai," ta ce, ta sake cikawa.

Injiniya ta tsaya tana kallon ubanta, hularsa a karkace, tef a wuya, alli a gemu. Sai ta ja kwamfutar gabanta. Ta ɗan jima tana bugawa. Da ta juyo da ita, akwai sabon gurbi dogo a saman gurbin ciki.

"Wannan na sama naka ne, Baba. Faffaɗan kujeru ne zalla, ka rubuta tubarkalla ko sau dubu, Malam Atishawa ba zai shiga ba. Kuma a sama yake, ka ga ta riga lambar zuwa. Na ƙasa nasa ne. Na sa a riƙa duba alamarsa: in bai motsa ba, ko ya tsaya bai kai ƙarshe ba, ba za a zana komai ba."

Tela ya gwada ta da gangan, ya buga harafi a gurbin ƙasa. Wani jan rubutu ya fito: "Baba, lamba kaɗai." Ya ja baya kamar an tsawata masa. Sannan ya cika gurbin sama da tubarkalla har ta ƙure, ya sauko ya buga 57.5, ya danna, ya rufe ido.

Firinta ta daɗe tana aiki. Zanen da ya fito ya cika takardar daga gefe zuwa gefe, kamar rumfar taro. Tela ya ɗora tef ya duba lissafin, daidai yake, ko zare ɗaya bai kauce ba.

Dakta ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Fara'ar da ya shigo da ita ta ragu. Ya karkata takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya dubi kansa a madubi mai tsagewa, ya ja numfashi ya riƙe, ya sake shi.

"Haka nake?"

Kowa ya kau da kai. Ko Mai Guga sai ya sami abin kallo a rufi.

Dakta ya ajiye zanen daidai a kan tebur. Ya miƙa hannu ya ɗauki na farko, na zanzaro, ya linke shi a hankali ya sa a aljihun gaba. "Wannan zan kai wa matata. Ta daɗe tana cewa in rage." Ya buɗe jakarsa, ya zaro takarda, ya kare ta da tafin hannu ya yi rubutu gajere. Tela ya miƙa wuya har ya ji ƙashi ya yi ƙara, bai ga komai ba sai gashin hannun Dakta.

"Ranka ya daɗe... yarinyar?"

"Za ku ji daga makaranta."

"Rigar fa? A yanka?"

"Za ku ji," in ji Dakta. Ya gode wa Maman Injiniya, ya karkata gefe, ƙofa ta sake shi, haske ya dawo shagon.

Tun daga ranar Tela bai huta ba. Mai Guga ya ce ta ci, don mutum ba ya sa abin da ya ɓata masa rai a aljihun gaba. Maman Injiniya ta ce wanda ya sha lemonta har jug ya ƙare ba zai iya kayar da 'yarta ba. Injiniya ta ce ta gyara kuskuren a gabansa, amma kuma a gabansa ta yi shi, ta ja bargo ta yi barcinta. Tela kuwa yakan tsaya da almakashi a hannu yana juya maganar. In Dakta zanen farko ya duba, an yi kuskure amma ya ji daɗi. In na ƙarshe ya duba, an yi daidai amma ransa ya ɓaci.

Sakamako dai bai fito ba tukuna, Dakta bai aiko a yanka riga ba, kuma har yanzu ba wanda ya san abin da ya rubuta a takardar nan.